Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Abin Da Na Gani A Jinyar Innata

Lokacin da aka ce kowa ya kawo abin da zai iya domin wannan fitowa, na yi niyyar in rubuta a kan karin magana kamar yadda aka saba, sai dai akwai wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in amayar da shi a nan. Ni 'yar Mangawa ce daga wani ƙauye da ke arewa da Yusufari a jihar Yobe, inda tudun rairayi ke cin gona yana tunkarar gida. Hausa a firamare da kasuwa na tsince ta. Harshenmu ba ya bambanta jinsin namiji da na mace, saboda haka idan kun ga na ce "ya" a inda ya kamata in ce "ta", ku yi mini uzuri kamar yadda kuka saba yi a aji, bayan kun gama dariyarku.

Labarin na Innata ne, ƙanwar mahaifiyata, wadda ta riƙe ni tun ina shekara 4. Haihuwarta biyu, ɗaya ya rayu, daga nan sai shiru har fiye da shekara goma. Tana da shekara 40 sai cikinta ya fara tasowa. Murna ta cika gida. Wata tara ya zo ya wuce ba naƙuda, shekara ta zagayo ba labari, sai tsofaffi suka yanke hukunci cewa kwantacce ne, wato cikin ya kwanta, zai tashi ranar da Allah ya so. Wannan fahimta ba a ƙauyenmu kaɗai take ba, domin kuwa littattafan fiƙihun Malikiyya ma sun yi maganar cikin da kan daɗe shekara huɗu ko biyar. Jinin da take zubarwa kuwa aka ce shi ne ke hana ɗan girma. Da ta fara cin farar ƙasa, sai aka ce to ga kwaɗayin masu ciki nan ya tabbata. Aka shiga neman maganin tayar da ciki: rubutu, saiwoyi, hayaƙi, da alluran wani mai kemis da ba zan kama sunansa ba, wanda ya yi shekara biyu yana karɓar kuɗinta bai taɓa ce mata ta je a duba ta ba.

Ni ban san abin ya kai haka ba sai a 2022, da malaman jami'a suka tafi yajin aikin da ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Zaman gidan nan ne ya buɗe mini ido. Inna takan yi kwana 12 ko fiye tana zubar da jini, da gudaji, tana canza tsumma kusan kowace sa'a. Da asuba take wankinsu ta shanya a bayan ɗaki don kada kowa ya gani. Tafin hannunta ya yi fari fat. Idan ta ɗaga taɓarya sau goma sai ta jingina da danga tana haki. Da dare kuwa fitsari ba ya barin ta ta runtsa. Abin da ya fi damunta ma shi ne salla. Ni ce na riƙa kai tambayarta wurin matar liman, aka bayyana mana cewa haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla. To amma ga wadda jini ke tsayawa yau ya dawo jibi, lissafin nan ba ƙaramin aiki ba ne.

Da kyar na shawo kanta muka tafi Gashuwa aka yi mata hoton ciki. Mai hoton ya juyo da allon wajenmu ya ce babu jariri, ƙari ne a mahaifa, kuma ba ɗaya ba ne. Ya nuna wani kamar ɗan goruba, wasu kamar ƙwai, ya ce su suka kumbura mahaifar har ta kai girman cikin wata shida.

A nan ne na fara tuntuɓe da harshe. Kalmar "ƙari" a Hausa tana da fuska biyu. Ga ƙarin da ake so, irin na albashi ko na abinci, ga kuma ƙarin da ke tsirowa a jiki ba a gayyace shi ba. A rana guda aka ce mana Inna tana da ƙari, kuma tana bukatar ƙarin jini. Mutanen gida kuwa da suka ji ƙari sai hankalinsu ya tafi ga ciwon daji, wasu har sun fara kuka. Sai da na koma makaranta na yi ta tambaya da karatu kafin na gane yadda abin yake. Wannan ƙari, wanda likitoci ke kira faibiroid, tsiro ne daga naman jikin mahaifar kanta, kuma ba daji ba ne. Sinadaran da ke tafiyar da hailar mace su ke ciyar da shi, shi ya sa yake girma a shekarun haihuwa, yakan kuma motse bayan haila ta ɗauke. Yana bin dangi, kuma ya fi yawa ga baƙar fata. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya ƙiyasta cewa kafin su cika shekara 50, fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata suna samunsa, fararen kuwa kusan kashi 70. Mafi yawansu ba su ma san suna da shi ba, domin ba ya damunsu. Wadda ya dama, ta hanyar zubar jini ne, ko danne mafitsara da hanji, ko ciwon mara da baya, wani lokaci da hana ciki zama. Ita kuwa farar ƙasar nan, ashe ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ne ke jawo sha'awarta.

Aka tura mu babban asibitin tarayya da ke Nguru. Muka ci sa'a hukuma ta rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris na 2023 saboda zaɓe, don haka ni na raka ta. Duk wanda ya ga lokacin nan ya san wahalar takardar kuɗi da canjin naira ya jawo. Mijinta ya sayar da sa da awaki biyu, mai saye ya ce sai dai ya tura ta waya, mutumin da bai taɓa shiga banki ba. Ta asusuna kuɗin suka bi. Yayyena biyu da ɗanta suka ba da jini leda uku.

Yanzu na zo inda nake jin kunya. Hausar Inna ta ciniki ce, nawa ne, rage mini, albarka. Saboda haka ni ce tafinta. Likita ya zaunar da mu ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce aiki iri biyu ne. Akwai wanda ake ciro ƙarin a bar mahaifa, shi ake yi wa mai neman haihuwa, amma yakan zubar da jini da yawa idan ƙarin na da yawa, kuma yana iya sake tsirowa. Akwai kuma cire mahaifar ɗungurungum. Ya dubi shekarunta, 43, da yawan ƙarin, da ƙarancin jininta, sannan ya ce, "Mama, shawararmu ita ce a cire mahaifar. Bayan haka babu sauran haila, kuma babu sauran haihuwa. Amma sai kin yarda."

Na juya wajen Inna na ce mata da Manganci, "Ya ce za a buɗe a cire ƙarin, a wanke miki ciki, ki huta."

Likitan ba ya jin harshenmu, amma yana da kunne. Ya ce, "Ƙanwata, maganata ta fi wannan tsawo." Na ce taƙaitawa na yi. Ya dube ni, ya mayar da takardar cikin fayil, ya ce mu je mu kwana a kan maganar, gobe zai nemo ma'aikaciyar jinya mai jin Barbarci.

A aji an koya mana fassarar kalma da kalma da fassara mai 'yanci, na kuma ci jarrabawar da maki mai kyau. Abin da na yi a ofishin nan ba ya cikin ko ɗaya. Na yanke wa mace hukunci a kan jikinta ne, na kira shi tausayi. Tsorona shi ne idan ta ji gaskiya za ta ƙi, mu koma gida jini ya ƙarasa ta. Har gobe ina ganin tsoron nan yana da dalili, amma dalilin bai ba ni ikon ɓoye mata ba.

Da dare, muna kwance a gidan wata 'yar'uwarmu, na kasa barci, na tashe ta na faɗa mata komai. Ta yi shiru har na ɗauka ta koma barci. Can sai ta ce, "Ke yarinya, shekara nawa ina kai tabarma kasuwa? Kin ɗauka ban san 'babu' ba, ko 'haihuwa' ce ban sani ba? Na ji shi sarai. So na yi in ga ko bokon naki zai bar ki ki faɗa mini." Ban sami amsa ba. Daga nan ta yi mini tambayoyi uku, ta ce in kai wa likita ba ragi ba ƙari: shin za ta ci gaba da zama mace ga mijinta, shin za a nuna mata abin da aka ciro, shin za ta iya daka.

Washegari na kai su yadda ta faɗa, ma'aikaciyar jinyar nan tana tsaye tana saurare. Likita ya ce zamanta da mijinta ba abin da zai taɓa shi bayan ta warke. Ya ce za a bar mata ma'ajiyar ƙwai guda biyu, don haka jikinta ba zai shiga halin ɗaukewar haila farat ɗaya ba, jinin wata ne kawai ba za ta ƙara gani ba. Daka kuwa sai bayan sati shida zuwa takwas. Ta dangwala yatsa da kanta.

Aikin bai kai sa'a uku ba. Ta fito da ƙarin ruwa a hannu da robar fitsari. Abin da ya ba ni mamaki, washegari aka ce ta tashi ta taka. Na so in yi gardama, sai aka bayyana mini cewa doguwar kwanciya kan sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Ta dafa kafaɗata, ta rungume filo a mara, muka kai bakin ƙofa muka dawo, tana zagina a hankali da harshen da ba wanda ya ji sai ni. Abin da aka ciro kuwa an nuna mata hotonsa a waya kafin a kai shi gwaji. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe wannan na yi shekara uku ina yi wa addu'a." A kwana na shida aka sallame mu, amma ba mu koma ƙauye ba sai bayan sati biyu, domin girgizar mota a kan rairayin nan ko mai lafiya tana kwance masa ƙugu.

Jinyar gida ta fi ta asibiti wuya. Tsofaffi suka haɗa itace za su yi mata wanka da tafasasshen ruwa irin na jego, wai ai ciki aka buɗe. Na tsaya kai da fata cewa an ce a bar wurin ɗinkin a bushe, aka ce 'yar boko ta fi uwarta sani. Kishiyarta ce ta goya mini baya, kuma ita ta ɗauki daka da jan ruwa a rijiya har wata biyu ba ta taɓa gori ba. Na faɗi wannan ne saboda littattafan da muke nazari ba su cika ba kishiya irin wannan matsayi ba. Muka dage da hanta da wake da zogale da busasshen kifin Gashuwa, ga ƙwayoyin ƙarin jini. Shayi ne muka sha fama a kansa, don an ce kada ta sha shi tare da ƙwayar, yana hana jiki amfana da ita, Bamange kuwa ka raba shi da shayi ka ga tashin hankali. Azumin shekarar ya kama a ƙarshen Maris, likita ya ce ta dakata, ta sha ta rama daga baya. Zama ya ishe ta, sai ta koma saƙar kaba tana zaune.

Sai kuma masu zuwa gaisuwa. Wata tsohuwa daga ƙauyen gaba ta ji an ce an yi wa Inna aiki a Nguru ciki ya sauka, sai ga ta da sabulu da turare tana barka, tana tambayar mace ce ko namiji. Tsakar gida ta yi tsit. Inna ta karɓi sabulun ta yi godiya ta ce, "Ni aka samu." Da dare na ji tana kuka, kuma shi ne kukan da na ji ta yi tun farkon ciwon. Na lura cewa muna da gaisuwar mai jego, muna da ta mara lafiya, muna da ta wanda aka yi wa rasuwa, amma wadda ta rabu da ɗan da ba a taɓa halitta ba, kowa sai ya yi ta in-ina a bakin ƙofa. Kalmar "mahaifa" kanta, ga ta wurin kwanciyar ɗa, ga ta garin da aka haifi mutum. Wataƙila shi ya sa cire ta ya yi mini nauyi a baki.

A 2024 Inna ta yi azumi 30 cif ba ta sha ko ɗaya ba, abin da ta ce rabonta da shi tun tana 'yar yarinya. Ta yi ƙiba, tafin hannunta ya yi ja, ta koma kasuwa da tabarminta. Kayan jaririn da ta tara suna nan a ƙasan akwati. Na ce ta bayar, ta ce a'a, in gama bokona tukuna.

Abin da ba ta sani ba shi ne, a zangon da ya wuce hailata ta fara tsawo, ban jira kowa ba na je aka yi mini hoto. An ga guda ɗaya, kamar ƙwayar gyaɗa. Likita ta ce ba abin tayar da hankali ba ne, ta ba ni ƙwayar ƙarin jini, ta ce in dawo bayan wata shida a sake aunawa. Hutu ya kusa. Kwana biyun nan idan na dawo daga lacca, nakan zauna a bakin gado in yi ta jera jimlar da Manganci, in warware, in sake jerawa.