Tsakanin Sharholiya Da Kyautata Aiki

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ’yan’uwana matasa, akwai mutane a duniya waɗanda kan shafe shekaru suna ƙera kwafin wani abu da suka gani a finafinan ƙagen kimiyya, da girmansa na ainihi, ba ragi ba ƙari. A 1999 wasu masu wannan sha’awa suka kafa ƙungiya domin ƙera R2-D2, ƙaramar na’urar nan mai kan tukunya ta fim ɗin Star Wars na 1977. Ƙwarewarsu ta kai har aka ɗauki biyu daga cikinsu, Lee Towersey da Oliver Steeples na Ingila, suka ƙera wadda aka yi amfani da ita a fim ɗin 2015. Shin wannan ɓata lokaci ne, ko akwai abin da Musulmi zai tsinta a ciki?

Tambayar ta shigo har gidanmu. Ɗan yayata, mai koyon walda a Gusau, ya ƙuduri aniyar ƙera wannan na’ura. Tsayinta ya ɗan haura mita 1, faɗin kanta kuwa inci 18 da ’yar ɗoriya. Ya bi ’yan gwangwan ya tara falankin alminiyam, ya ciro injin goge gilashin mota domin juya kan. Da ya rasa kwano mai wannan faɗin, sai ya tafi Bungudu wurin wani maƙerin tukwane aka zuba masa. Sau biyu yana mayar da shi saboda saɓanin rabin inci. Na ce masa, “Wa zai lura da rabin inci?” Ya ce, “Kawu, ni zan lura. Kuma idan kan bai zauna daidai ba, ba zai juya ba.”

Mahaifinsa, wanda ke noma a Tsafe, ya kira abin sharholiya, kuma ba a rasa hujja a maganarsa ba. Kuɗin ƙarfen zai iya sayen taki. Sa’annan ya ji tsoron kada abin ya shiga hukuncin sassaƙa gumaka. A kan wannan na biyu, Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya shawarci wani mai sana’ar zane da ya koma ga itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Na’urar da yaron ke yi ganga ce mai murfi da tayoyi, ba ta da surar mutum ko dabba. Amma wanda zai ƙera mai fuska da gaɓoɓi, lalle ya fara zuwa gaban malamai kafin ya kunna wutar walda.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne rabin incin nan. Wata cuta ta yi mana katutu, wato “ai haka ma ya yi”. Ita ce ta sa ƙofar da aka ƙera jiya ba ta rufuwa yau, ita ce ta sa gini ke tsagewa tun ba a tare ba. Mai ƙera kwafi ba shi da mafaka daga awo, domin asalin yana nan yana ƙaryata shi. Ko ya dace, ko bai dace ba. Wannan horo shi ne malamanmu ke kira itƙani, kyautata aiki ko da babu mai dubawa, kuma addininmu ya kwaɗaitar da shi.

Magabatanmu sun san haka. A 1206 Isma’il al-Jazari ya kammala littafinsa na na’urori kusan 50, ya bayyana yadda ake haɗa kowace dalla-dalla. Albarkar wannan tsanaki, bayan shekaru 800 aka ƙera katafaren kwafin agogonsa na giwa, aka girke shi a cibiyar kasuwanci ta Ibn Battuta da ke Dubai. A nan gida, Umaru Dembo ya kai yaran Hausa sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. A 2007 kuma Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Jami’ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga daga ƙasa. Wa ya san yawan irinsu cikin yaran da ke jan motar kara a lungunanmu?

A jihar da rashin tsaro ya raba dubban matasa da gonakinsu, yaron da ya shagala da ma’auni da guduma abin a riƙa ne, ba abin a kushe ba. Shawarata ga duk mai irin wannan sha’awa uku ce. Kada aikin ya ci lokacin salla. Kada ya ci haƙƙin iyaye ko na iyali. Kuma kada ya tsaya a kwaikwayo: hannun da ya iya kwafin na’urar fim, gobe ya ƙera injin ban ruwa ko keken guragu da irin wannan tsanaki.

Allah Ya sanya albarka a hannuwanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya sa mu cika da imani. Amin.