Zamana a Witbi, Bakin Teku

Witbi ƙaramin gari ne a arewa maso gabashin Ingila, inda kogin Esk yake shiga teku. Mutanensa wajen 13,000 ne. Nan nake aikin kula da tsofaffi, ni da na tashi a Wusasa, ban taɓa ganin ruwan da ya fi Kubanni ba.

Sanyi kam an faɗa mini, na kuwa yi shiri. Duhu ne ba wanda ya ambata. A watan Disamba rana takan faɗi tun kafin ƙarfe 4 na yamma. In fita aiki da duhu, in komo da duhu, ɗaki shiru, gama 'ya'yana biyu suna gida wurin kakarsu. Kuka da daddawa ma sai na shiga mota zuwa babban gari.

Amma abin da ya fi damuna shi ne gaisuwa. Ba mai tambayar gajiya, balle mutanen gida. Wata uku ina cewa ƙina suke yi. Ashe in maƙwabciya ta tsaya tana yi maka ƙorafin iska da ruwan sama, to, ta gaishe ka ke nan. Yanzu ni ma na iya, har nakan riga su.

Ran da ba aiki nakan hau matakala 199 zuwa kangon gidan ibada a kan tudu, wanda aka fara kafawa a 657. Can nake zama in kira yara, in juya musu waya su ga teku. Ƙaramar kullum tambayarta ɗaya ce: "Mama, ina ɗaya gaɓar?"