Kurmin Sarki: Inda Hanya Ke Zaɓa Wa Magidanci Mota

Matafiyin da ya baro Abuja ya nufi arewa, da ya wuce Zuba sai dutsen Zuma ya tare masa gaba, watau dutsen nan da aka zana a bayan takardar Naira 100 wadda aka fito da ita a shekarar 1999. In ya ƙara taɓa tafiya ya ratsa cunkoson Madalla, sai ya saki babbar hanyar Kaduna ya shiga Suleja. Cikin unguwannin wannan gari akwai Kurmin Sarki, wadda take ɗaya daga mazaɓun ƙaramar hukumar Suleja ta Jihar Neja. Sunanta kaɗai ya isa ya gaya wa baƙo abin da wurin yake a dā: kurmi mai duhuwar itatuwa. Yau kuwa rufin kwano ne ya maye gurbin inuwar, gida na dafe da gida, shago na dafe da shago.

Duk wanda ya tsaya a bakin hanya bayan sallar Asuba zai ga unguwar tana zubo da mutanenta. Ga ma'aikata masu sammakon Abuja, ga 'yan makaranta, ga masu babura da Keke Napep suna kauce wa ramuka. Can kuma sai a ga an buɗe wata ƙofar ƙarfe, babbar mota irin wadda jama'a ke kira jif ta fito da baya a hankali, yaro yana tsaye yana yi wa direba ishara kada ya gogi katangar maƙwabci. Wannan mota ita ce burin magidanta da yawa a nan, kuma ita ce ta jefa waɗansunsu cikin bashi.

Tudun da ya tsare gari

Ba a banza aka kafa garin a tsakanin duwatsu ba. Bayan da jihadi ya ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yiwo kudu da jama'arsa zuwa ƙasar Zuba. Da ya rasu a 1825 ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, shi ne kuwa ya kafa birnin Abuja a 1828, kusa da kogin Iku, inda tuddai da kwazazzabai za su wahalar da dawakin abokan gāba. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birnin, tsohon garin kuma ya koma Suleja, don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga lokacin, musamman bayan da gwamnati ta taso daga Ikko a watan Disamba na 1991, duk wanda kuɗin haya ya kore shi daga Abuja sai ya gangaro Suleja. Gidaje suka hau tuddai suka cika kwari, amma kwalta da magudanun ruwa ba su bi su da irin wannan sauri ba.

Saboda haka tudun da ya tsare kakanni daga mahara shi ne yake cin ƙafafun motocin jikoki. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba ruwan sama yana gangarowa da ƙarfi, ya zaizaye hanyoyin burji, ya bar duwatsu tsirara. Mutanen gari ba su manta da ambaliyar Yulin 2017 ba, wadda ta ci rayuka da gidaje. Ƙaramar mota mai gajeren ciki in ta shiga irin waɗannan lunguna sai salansa ta yi ta dukan ƙasa, kowane wata tana wurin bakanike. To, mai karatu ya ga dalilin da ya sa idon magidanci ke kan mota mai tsayin ƙafa.

Dalili na biyu shi ne girman iyali. Gidan da ke da mata biyu da 'ya'ya takwas, ga tsohuwa, ga kuma tafiyar Sallah zuwa Zariya ko Kano ko Kontagora, ba ya shiga mota mai kujera 5. Ban da wannan akwai kai lefe, da kai amarya da kayan gararta, da kwaso doya da masara daga gonakin ƙasar Gwari lokacin kaka.

Daga Fijo zuwa jif

Dattawan unguwa suna iya tuna zamanin da wannan tambaya ba ta da wuyar amsawa. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma doguwar 504 mai layin kujeru uku ita ce motar iyali, ita ce ta haya, ita ce ta gwamnati. Mai kaya kuma ya nemi a-kori-kura 404. Kayan gyaransu suna ko'ina, ko wane bakanike na ƙauye ya san cikinsu. Da darajar Naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai kasuwa ta koma ga tsofaffin motocin Turai da Amurka, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano. Ta wannan ƙofa manyan jif-jif suka shigo.

Jama'a kan kira su duka da suna ɗaya, alhali kuwa iri biyu ne. Akwai waɗanda aka ɗora gangar jikinsu bisa shasi na ƙarfe kamar na lori, irin su Toyota Land Cruiser da Prado da Sequoia, da Nissan Patrol da Armada, da Ford Expedition, da Chevrolet Suburban wadda ake ƙera ta tun 1935. Waɗannan su ne masu jure duka da jan nauyi. Akwai kuma waɗanda jiki da shasi a haɗe suke kamar na ƙaramar mota, irin su Highlander da Honda Pilot, sa'an nan ga Sienna, wadda ba jif ba ce amma tana ɗaukar mutum 7 ko 8. Waɗannan sun fi laushin tafiya da sauƙin mai, sai dai ba su kai na farko ƙarfin ja ba.

A wurin dillalan mota da ke jere a bakin hanya daga Suleja zuwa Zuba, zancen kusan iri ɗaya ne kullum. Dillali zai buga bayan motar da tafin hannu ya ce, "Alhaji, wannan ai ita ce daidai da kai. Fulogi takwas ce, ko gida ka ɗaura mata sai ta ja." Mai saye kuwa ya yi murmushi, zuciyarsa ta riga ta kai shi ƙofar gidan surukai ranar Sallah. Abin da ba a cika tambaya ba a wannan wuri shi ne nauyin da motar ke iya ɗauka.

Lissafin da ke jikin ƙofa

A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai 'yar takarda da masu ƙera motar suka liƙa, wadda ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya gaba ɗaya. A yawancin manyan jif-jif wannan nauyi yana tsakanin kilo 600 da 700 ne. Idan manya 8 suka shiga, kowanne kilo 70, an riga an ci kilo 560. Abin da ya rage bai wuce buhun masara guda ba. Amma sau nawa ake ganin irin wannan mota cike da mutane, an danna akwatuna a baya, an kuma ɗaure buhuna uku a bisa rufi? Jif dama doguwa ce, nauyinta yana sama. In aka ƙara mata kaya a kā, sa'an nan taya ta fashe ana gudu a hanyar Kaduna, ko direba ya kauce wa rami da gaggawa, abin da ke biyo baya shi ne ƙundumbala, da iyalin gida ɗaya a ciki.

Batun ja kuwa yana da nasa hukunci. A Amurka, inda aka yi Sequoia da Suburban, ana sayensu ne don jan jirgin ruwan shaƙatawa ko ɗakin kwana mai taya. A Kurmin Sarki abin da ake ja daban ne: ƙaramar tirela mai tankin ruwa da rani, ko janareta zuwa wurin biki, ko injin casar masara zuwa gona, ko kuma, wanda ya fi yawa, motar ɗan'uwa da ta mutu a hanya. Masu ƙera Land Cruiser sun ba ta ikon jan kilo 3,500, amma da sharaɗin tirelar tana da birkinta. A ƙasashen Turai doka ba ta yarda a ja tirela marar birki da ta wuce kilo 750 ba. Tankin ruwa mai lita 1,000 kuwa ruwansa kaɗai tan guda ne, ban da ƙarfen da ke ɗauke da shi. Har ila yau, kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela yana danne ƙugiyar da ke bayan mota, wannan ma cikin lissafin jikin ƙofa yake shiga. Hawa tudu da irin wannan kaya yana dafa man giya, saukowa kuwa birki yake ƙonawa, shi ya sa direban da ya san aikinsa yake sa ƙaramar giya tun daga kan gangare.

Jan matacciyar mota da igiya ya fi duka haɗari a gari mai gangare. Da zarar inji ya mutu, birki da sitiyari sai su yi tauri, wanda ake ja ba shi da ikon tsayawa in na gaba ya taka birki. In kuma motar mai giyar otomatik ce, jan ta da nisa tayoyinta na ƙasa yana lalata giyar. Kuɗin janwe, ko da ya yi ciwo, bai kai kuɗin sabuwar giya ba.

Mai da bakanike

Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, ana sayen lita ƙasa da Naira 200. Kafin ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000. Tun daga nan lissafin jif ya sauya. Sequoia mai fulogi takwas tana shan kimanin lita 14 a kowace kilomita 100 in hanya a buɗe take, a cikin cunkoso kuwa ta kai 18. Daga Zuba zuwa Kano kimanin kilomita 375 ne, watau zuwa da dawowa sun fi ƙarfin tankinta mai lita 100. Sienna za ta yi wannan tafiya da lita 70 da 'yan kai. Tafiyar Sallah dai sau biyu ce a shekara, amma ma'aikacin da ke zuwa Abuja kullum, kilomita 40 zuwa 50 kowane ɓangare, ga tsaikon Madalla safe da yamma, zai tarar albashinsa yana ƙarewa a gidan mai. Wannan ne ya sa ake ganin waɗansu jif-jif a lulluɓe da tamfol a tsakar gida, mai su kuma yana tsaye a bakin titi yana jiran motar haya.

Sai maganar gyara. Motar da bakaniken unguwa ya san cikinta, kayanta kuma suna kasuwar Zuba ko Panteka ta Kaduna, ta fi wadda sai an aika Ikko ko Dubai a jira makonni. A nan Toyota ta yi wa manyan motocin Amurka nisa. Mai saye kuma ya tuna cewa da yawa daga tokumbon Amurka gwanjon motocin da suka yi haɗari ne ko waɗanda ambaliya ta shanye. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, da ita ake bincika tarihinta ta intanet kafin a biya. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba tsatsa da busasshen taɓo, a tabbatar da takardun kwastan, a kuma karanta alƙaluma huɗu da ke gefen taya, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi kan tsofaffin tayoyi, tayar jif guda kuwa ta kai kuɗin na ƙaramar mota biyu. Abu na ƙarshe, a auna ƙofar gida da lungu, domin Sequoia faɗinta mita 2 ne, tsawonta ya haura mita 5.

In aka tattara, magidancin da ke da gona a bayan gari, yana jan tanki ko inji ta hanyar da ba kwalta, kuma yana da abin ciyar da ita, babbar jif mai shasi za ta biya shi. Wanda bukatarsa ita ce kai yara makaranta da ziyarar gida, Sienna ko Highlander ta ishe shi, ranar kwasar amfanin gona kuma ya ɗauki shatar a-kori-kura, buhuna su tafi daban, iyali su tafi daban. Hausawa sun ce kowa ya daka ta maƙwabci ya rasa turmin daka tasa.

Da almuru motocin Abuja sukan fara dawowa Kurmin Sarki ɗaya bayan ɗaya, fitilunsu suna hawa da sauka bisa ramukan hanya. A gindin wata bishiyar mangwaro bakanike yana tattara sifanoninsa, a gefensa wata ƙatuwar jif tana zaune bisa duwatsu, an cire mata ƙafafu, tana jiran kayan da ba su iso ba tun damina. Wata tsohuwar Sienna ta raɓa ta gefenta a hankali, cike da yara 'yan Islamiyya, ta shige lungu.