Zanen da Chitti Bai Ɗauko Ba

A wajen manoman Sheme, mutum-mutumi ba baƙon abu ba ne. Kara biyu ne ake giciyewa, a sa musu tsohuwar riga da malafa, a kafa a tsakiyar gona domin tsuntsaye su zaci akwai mai tsaro. Da Hausa ta nemi sunan da za ta ba na'urar da ake ƙerawa da surar ɗan Adam, wannan kalma ta ɗauko daga gona, kuma ta yi dace, domin nanata kalmar da kansa yana cewa abin ya yi kama da mutum amma bai kai ba. Mene ne ya rage masa ya kai? A wani fim ɗin Indiya na sami amsar da ta fi tsaya mini a rai.

Fim ɗin shi ne Enthiran, wanda S. Shankar ya ba da umarninsa da harshen Tamil a 2010, amma mu a nan da sunan Robot muka san shi. Rajinikanth ne ya fito a matsayi biyu: Dakta Vaseegaran, masanin kimiyya, da Chitti, mutum-mutumin da ya ƙera da kamanninsa yana fatan rundunar sojan Indiya ta karɓe shi. Yara suna son Chitti saboda faɗa da gudu a jikin jirgin ƙasa, manya kuwa suna bin labarin yadda ya kamu da son Sana, budurwar maigidansa, wadda Aishwarya Rai ta fito a matsayinta. Ni abin da ya riƙe ni fage ɗaya ne, tun kafin a zo kan soyayya.

Gobara ta tashi a wata unguwa. Vaseegaran, wanda kwamitin masana ya riga ya ƙi amincewa da ƙirarsa, ya tura Chitti cikin wuta domin duniya ta ga amfaninsa. Chitti ya yi ta shiga yana fito da mutane, 'yan jarida suna ɗauka. Cikin waɗanda ya ceto akwai wata yarinya, Selvi, da wutar ta rutsa da ita tana wanka. Ya ɗauko ta yadda ya same ta, ba sutura, ya dire ta a gaban jama'a. Da ta ga idanu da kyamarori a kanta, sai ta sheƙa a guje don kunya, babbar mota ta buge ta, ta mutu. Wutar da ta ci gidaje ba ta kashe ta ba.

Bahaushe ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan fage. A lissafin Chitti babu kuskure: rai yana cikin haɗari, kowace daƙiƙa tana da tsada, tsayawa neman zane ɓata lokaci ne. Abin da ba a rubuta a kwakwalwarsa ba shi ne cewa ɗan Adam yana da wani abu bayan numfashi wanda in ya zube, numfashin kansa kan yi masa nauyi. A 1974 A. H. M. Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki, ya jero halaye irin su gaskiya da amana da haƙuri da hankali, ya sa kunya da mutunci a cikinsu. Chitti yana da gaskiya, domin a lokacin bai iya ƙarya ba. Yana da haƙurin da ya fi na jaki. Bai san kunya ba, don haka bai san yadda ake tsare mutuncin wani ba.

Fim ɗin ya ɗora laifin a kan na'ura, ya wuce: Vaseegaran ya koma ya koya wa Chitti ji da tausayi, labari ya ci gaba. A nan ne na rabu da marubucin. Chitti ba ya jin kunya, saboda haka yana da hanzari. Amma ba Chitti yarinyar ta guje wa ba. Masu riƙe da kyamarorin nan iyaye mata ne suka haife su, suna da ƙanne mata a gida, sun san ma'anar abin da suke gani, ba su kuma kawar da kai ba.

Wanda ya girma tsakanin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara a shekarun nan ya san ceto ba labarin fim ba ne. Daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. Ranar 17 ga wata aka sako 344, kashegari aka kai su Katsina, duniya ta gan su ba takalmi, ƙura har gira, wasu a lulluɓe da bargo. Ba zan ce kyamara ba ta yi amfani ba a ranar. Uwar da ta yi kwana shida ba barci tana da haƙƙin ganin fuskar ɗanta, ko a allon wayar maƙwabci ne. Sai dai waɗannan yara maza ne, an kuma sace su a taro, sun dawo a taro. Hoton ya zame musu shaidar tsira.

Ga mace lamarin daban ne. Wata 'yar'uwar mahaifiyata, daga wani ƙauye da ke gefen hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara, ta yi makonni a daji kafin dangi su sayar da hatsi da dabbobi su karɓo ta. Ranar da ta iso, gida ya cika da 'yan barka. Kowa da zuciya ɗaya ya zo, ban ga mugu ko ɗaya ba. Amma tambayoyi suka fara fitowa a lulluɓe cikin jaje: a ina ake kwantar da ku, su nawa ne, ba su dai yi miki komai ba ko? Wani saurayi ya ɗaga waya zai ɗauke ta, wai don 'yan'uwa na Funtuwa da Zariya su ga ta dawo lafiya. Ta sunkuyar da kai, ta ja guntun hijabin da ya rage mata tana neman rufe ƙafafunta da suka tsattsage.

Wata tsohuwa da duk muke kira Goggo ce ta miƙe. Ta ce, "Kai ɗan nan, mai da wayar nan aljihu. Dawowa ta yi, ba talla aka kawo ta ba." Ta kwance mayafinta ta yafa mata, ta kama hannunta zuwa ɗaki, ta saki labule, ta zauna a bakin ƙofa. Kwana uku duk wanda ya zo a nan yake tsayawa, ya yi barka, a amsa masa, ya juya. Goggo ba ta yi boko ba, ba ta shiga daji ba, ba ta biya ko sisi a kuɗin fansa ba. Rabin ceton da ya rage ne ta ƙarasa, wanda kuɗi ba su saya ba.

Ba kowace ce ke samun irin Goggo ba. Akwai waɗanda bidiyonsu ya riga su isa gari ta WhatsApp, aka gama kallonsu kafin su yi wanka. Akwai budurwar da maneminta ya ja da baya ba tare da ya furta dalili ba, kowa kuma ya san dalilin. Kunya da aka yi domin ta hana mai kallo kallo, sai muka juya ta muka ɗora wa wadda aka zalunta ita kaɗai.

A ƙarshen fim, bayan Dakta Bohra ya tsinto Chitti a juji ya sa masa jan guntun na'urar da ya mai da shi makashi, bayan an yi ta'adi an je kotu, an yanke a wargaza shi, kuma shi ya kwance kansa da hannunsa. Sai labari ya tsallaka zuwa 2030: sassansa na ajiye a gidan tarihi, 'yan makaranta sun zo kallo. Wata yarinya ta tambayi dalilin da ya sa aka wargaza shi, kansa ya amsa mata cewa don ya fara tunani ne. Jagorar yaran ta ja su gaba, ba wanda ya ba su labarin Selvi.