Ruwan Da Ke Shan Ruwa

A hutun da ya wuce na je koyon aiki a wata masana'antar tawadar buga littattafai a Legas. Ranar farko shugaban sashenmu ya nuna mini wani duro, ya ce, "Malam, kome za ka manta, kada ka manta da rufe wannan." Na leƙa, sai na ga ruwa garai-garai, ba launi, ba wari, da ɗan kauri. Sunansa dayetilin gilaikol.

Mai karatu zai ce, to mene ne na rufewa? Wato shi wannan ruwa yana zuƙar laimar da ke cikin iska, kuma laimar Legas ba sai an faɗa ba. In an bar shi buɗe sai ya yi ta shan ruwa har ya tsinke. Wannan halin nasa shi ake saye da kuɗi. Shi ke hana tawada da gam bushewa da wuri, ana kuma sa shi a man birkin mota domin ba ya tafasa sai zafi ya kai wajen digiri 245. Ɗan'uwansa tirayetilin gilaikol kuwa, shi ke tsane ruwa daga iskar gas kafin a tura ta cikin bututu.

Duk wannan na rubuta a littafina hankali kwance. Sai da shugaban ya ƙara da cewa yana da zaƙi, kuma ya fi gilisirin araha, sannan jikina ya yi sanyi. Gilisirin da ire-irensa ake narkar da maganin yara a ciki, ido kuwa ba ya bambanta su da wannan. Amma shi ƙoda yake kashewa.

A 2008 ina ɗan firamare, ƙanena yana haƙori, rediyo ya sanar cewa hukumar NAFDAC ta haramta maganin haƙori na My Pikin. Yara 84 suka rasu. Umma ba ta tsaya duba suna ba, ta tattara duk kwalaben maganin da ke ɗaki ta juye a masai, ƙanena ya kwana yana kuka. A lokacin haushinta na ji. Ashe abin ya kashe fiye da mutum 100 a Amurka tun 1937, ya sake cinye yara kusan 70 a Gambiya a 2022.

Wata uku na yi a wurin. Kullum ni ke rufe duron nan, kuma sau biyu nake wanke hannu kafin in ci abinci, abokan aiki suna yi mini dariya.