Daga Lahti Zuwa Laajavuori: A Sawun Matti Nykänen

Jirgin ƙasa daga Helsinki zuwa Lahti bai fi tafiyar awa guda ba. Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Jyväskylä shi ya tsara mana hanya, ya ce tunda na dage sai na ga inda zakaran tsallen ƙanƙara Matti Nykänen ya tashi, to mu fara yada zango a Lahti, don in san irin wasan da ya ɗaga mutumin kafin in ji yadda ya ƙare. Watan Yuli ne, babu ko ɗigon dusar ƙanƙara a Finlan, har na yi zaton zuwan banza za mu yi.

Tudun tsalle uku ne jere a gefen garin, a kan doron da ake kira Salpausselkä: ƙarami, matsakaici da babba. Babban na kankare ne, hasumiyarsa ta haura mita 70, an kafa ta a kan tudu kuma. Garin ya karɓi baƙuncin gasar duniya ta wasannin ƙanƙara irin na ƙasashen arewa har sau bakwai, daga 1926 zuwa 2017. Abin da ya fara ba ni dariya shi ne, a gindin babban tudun, inda 'yan wasa ke zamewa su tsaya lokacin sanyi, tafkin iyo ne a lokacin zafi. Yara na ta facal-facal a ruwa, iyayensu na kwance suna shan hantsi.

Lif ya kai mu ƙololuwar hasumiyar. Na leƙa ta wurin da ɗan wasa ke zama a kan sanda kafin ya saki jiki. Layi biyu ne sirara suka gangara, kowanne faɗin allon zamiya ɗaya, suka miƙe ƙasa har suka kai wani baki, daga nan sai sarari. Ba ka ganin inda za ka sauka. Tafkin nan da mutanen cikinsa sun koma 'yan ɗige-ɗige. Na kama ƙarfen shinge da hannu biyu.

"Kawu, ko mu sauka?" in ji yaron.

"Bari dai in gama kallon ikon Allah," na ce masa, alhali gwiwoyina ne suka ƙi ba ni haɗin kai.

A ƙaramin tudu muka tarar da samari suna atisaye. Da rani ana shimfiɗa wa gangaren tabarmin roba kore, a riƙa fesa masa ruwa don ya yi santsi. A nan na gane cewa abin da ake gani a talabijin yaudara ce. Bakin da suke tashi daga kansa bai ɗaga sama ba, ƙasa ma ya ɗan karkata. Ɗan wasa na isowa wurin a tsugune, a babban tudu da gudun kusan kilomita 90 a awa, sai ya miƙe ƙafafu da ƙarfi cikin ƙiftawar ido, ya kwanta a kan iska, hancinsa kusa da kan allunan. Idan ya yi gaggawa ko ya makara da ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba, mitoci sun tafi. Ba ya yin nisa da ƙasa sosai, gangaren ne ke gudu daga ƙarƙashinsa. Iskar da ke busowa daga gaba ita ce abokiya, ta baya kuwa danne mutum take yi. Alƙalai biyar ke ba da makin kyan tashi da sauka, kowanne har 20, a jefar da mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a haɗa sauran da makin nisa. Sauka mai kyau ita ce ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, gwiwa a lanƙwashe, hannuwa a buɗe. Kuma akwai ƙarar da talabijin ba ta kawowa: wani huci kamar ana yaga ƙyalle yayin da mutum ya wuce ta samanka, sannan "fat" idan allunan suka daki roba.

Nykänen yana da shekara 18 ya ci gasar duniya a babban tudun Holmenkollen na birnin Oslo a 1982, cikin hazon da ya hana 'yan kallo ganin komai sosai. A Olamfik ɗin Sarajevo na 1984 ya ɗauki zinare a babban tudu da tazarar maki 17.5, ya ɗauki azurfa a ƙarami bayan Jens Weissflog na Jamus ta Gabas. A 1985 a Planica ya tashi mita 191, nisan da ba a taɓa yi ba a lokacin. Sai Olamfik ɗin Calgary ta Kanada a 1988, inda ya kwashe zinare uku: ƙaramin tudu, babba, da na tawaga. Duniya ta fi tuna wannan gasa da Eddie Edwards, Baturen Ingila mai kaurin tabarau da ya zo na ƙarshe, wanda har fim aka yi a kansa. Haka duniya take. Nykänen ya lashe Kofin Duniya na kaka sau huɗu, ya ci gasa 46 a cikinsa, kuma sai a 2013 Gregor Schlierenzauer na Ostiriya ya wuce wannan adadi.

Daga Lahti muka hau bas zuwa arewa, tafkin Päijänne na ɓullowa yana ɓacewa a bayan itatuwa. Daji ne da ruwa, ruwa da daji, sai jajayen gidajen katako jefi-jefi. Mun isa Jyväskylä da yamma, ko in ce abin da agogo ya kira yamma, don rana ba ta faɗi ba sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, bayan ta faɗin ma duhu bai shigo ba. Lissafin Magariba da Isha'i a wannan ƙasa sai an koma ga malamai.

Washegari muka tafi Laajavuori, wani tsauni mai itatuwa 'yan kilomitoci daga tsakiyar gari. A wannan gari aka haifi Matti ranar 17 ga Yuli, 1963, kuma a kan wannan tsauni ya koyi tsalle tun yana ɗan firamare. Babban tudun wurin yanzu sunansa yake ɗauke da shi. Bayan na Lahti, wannan bai cika ido ba, kuma shiru ne ya tarbe mu. Mutanen garin suna ba da labarin yaron da aji bai dame shi ba, wanda ke wuni yana hawa yana durowa har duhu ya kore shi. Kocinsa, Matti Pulli, shi ya riƙe shi shekara da shekaru. Siririn yaro ne marar nauyi, mai ƙarfin cinya, wanda jikinsa ya san iska fiye da yadda bakinsa zai iya bayani.

A gindin tudun muka haɗu da wani dattijo yana yawo da karensa. Mutanen Finlan ba su da yawan magana da baƙo, amma da ɗan yayata ya ambaci sunan Matti sai ya tsaya. Ya haɗa tafukan hannayensa biyu a jere, ya ce haka Matti ke riƙe allunansa a iska. Sannan ya buɗe yatsun ya bar gindin tafukan a haɗe, ya ce wannan kuma shi ya kawo ƙarshen zamaninsu. Salon V yake nufi, wanda Jan Boklöv na Suwidin ya yayata. Da farko alƙalai rage masa maki suke yi don suna ganin abin ba kyan gani, amma nisan da yake samu ya sa ya lashe Kofin Duniya a kakar 1988/89. Zuwa 1992 wani ɗan Finlan mai shekara 16, Toni Nieminen, ya ci zinare a Olamfik ɗin Albertville da sabon salon. Kafin nan Nykänen ya ajiye wasa, bai kai shekara talatin ba, gwiwa da baya sun gaji, giya kuma ta riga ta kama shi. Tun yana kan ganiyarsa an taɓa sallamo shi gida daga tsakiyar gasa saboda sha.

Abin da ya biyo baya ba daɗin ji. Ya koma mawaƙi, kundinsa na farko a 1992 ya yi kasuwa sosai, ba don murya ba, don sunan da ke jikin kwalin. Da kuɗi suka ƙare, ya kai ga tuɓe tufafi a gaban 'yan kallo a gidan shaƙatawa don a biya shi. Aure kan aure, saki kan saki. A 2004 ya daba wa wani sanannensa wuƙa cikin maye, kotu ta ɗaure shi wata 26. Kwanaki kaɗan da fitowarsa a 2005 aka sake kama shi saboda dukan matarsa. A 2010 aka sake yanke masa wata 16 kan harin da ya kai mata ranar Kirsimeti ta 2009. Mujallun tsegumi sun rayu da shi shekaru, kowace faɗuwa tasa ta zama bangon gaba, maganganunsa na shirme suka zama abin raha a bakin jama'a.

Nan ne nake da ja da yadda ake ba da labarinsa. Wasu da na zanta da su a garin suna ambatonsa da murmushi, kamar wani ɗan gida mai rigima da ba a iya fushi da shi. To amma matar da aka daka da mutumin da aka soka ba su cikin wannan raha, kuma zinare huɗu ba su goge musu tabo ba. A ɗaya ɓangaren, jama'ar da suka cika mashaya don kallonsa yana tangaɗi a kan dandamali sun san sarai abin da suke saye da kuɗinsu. Ya tuna mini da ɗan damben da makaɗa suka wasa tun yana ɗanye, aka yi ta masa liƙi, ranar da hannu ya mutu kuma aka dawo ana biya don a ga ya yi rawa. An ɗauki yaro aka koya masa daƙiƙu biyar na cikin iska har ya fi kowa, ba wanda ya tsaya ya koya masa riƙon kuɗi, ko zaman gida, ko abin yi idan tafi ya ƙare. Laifinsa nasa ne, amma ba shi kaɗai ya ci ribar lalacewarsa ba.

Tsallen dai bai bar jikinsa ba. A 2008, yana da shekara 44, ya shiga gasar duniya ta tsofaffin 'yan wasa a Taivalkoski, ya kuma yi nasara a rukuninsa. Ya rasu ranar 4 ga Fabrairu, 2019, a Joutseno da ke kudu maso gabashin ƙasar, yana da shekara 55, bayan an gano yana da ciwon sukari. An kawo shi gida Jyväskylä aka binne, gwamnati ta ɗauki nauyin jana'izar.

A hanyar komawa tasha na tambayi ɗan yayata ko abokan karatunsa 'yan ƙasar na bibiyar tsallen ƙanƙara. Ya ce, "Kawu, su fa hoki ne a gabansu, sai tseren mota." Alƙaluma ma sun goyi bayansa. Azurfa biyu Finlan ta samu a wannan wasa a Olamfik ɗin Turin na 2006, sannan ta je gasannin 2010, 2014, 2018 da 2022 ta dawo hannu rabbana.