Windo Daban, Yanki Daban: Yadda Nake Aiki da tmux a Waya

In kana amfani da Termux, na tabbata ka san takaicin nan: ka sa babban fayil yana sauka, kana son yin wani abu, amma sikirin ɗaya ne, dole ka zauna kana kallo. Maganin wannan shi ne tmux. Rubuta pkg install tmux, ya gama sai ka rubuta tmux.

Inda mutane ke rikicewa shi ne bambancin windo da yanki. Ni da shagon gyara nake kwatanta su. Windo tebur ne guda, duk sikirin naka ne. Yanki kuwa, wanda tmux ke kira pane, shi ne ka raba teburin nan biyu, waya ɗaya a dama, ɗaya a hagu.

Kowane umarni da Ctrl+b yake farawa, ka saki, sannan ka danna harafin. A Termux madannin rage sauti yana zama Ctrl.

c: sabon windo
n da p: na gaba da na baya
%: raba hagu da dama
": raba sama da ƙasa
o: tsallaka zuwa wani yankin
z: yanki ya cika sikirin, ka sake dannawa ya koma

Shawarata, a waya kada ka cika rabawa. Kibod ya riga ya cinye rabin sikirin, in ka ƙara raba hagu da dama, rubutu sai ya kakkarye ka kasa karantawa. Ni ba na raba yanki sai abu biyu ne dole idona ya kasance a kansu lokaci guda, misali adb logcat yana gudu a sama ina neman abin da ke sa wayar kwastoma take mutuwa, ni kuma ina ba da umarni a ƙasa. Sauran aiki, kamar sauke fayil ɗin fulashin da wget, windonsa daban nake ba shi, in leƙa in dawo.

Ga inda ake asara. Rufe yanki da Ctrl+b x kashe aikin da ke ciki ne, da shi da datar da ka ƙona. In tafiya za ka yi, danna Ctrl+b d, aikin zai ci gaba a ɓoye, ka dawo da tmux attach. In kuma ta SSH kake shiga kwamfuta, a kan kwamfutar za ka kunna tmux, ta yadda ko sabis ya ɗauke aikinka na nan. Sannan ka rubuta termux-wake-lock, don Android na iya dakatar da Termux in waya ta yi barci.

Fara da windo biyu yau, hannunka ya saba tukuna. Wanda ya maƙale ya yi tambaya, zan amsa in sha Allah.